Labule a Kan Hotunan Lallen Zuhura

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

An ɗage tarewar Zuhura. Ba a ce an fasa ba, an ce a dakata. Saƙon daga unguwar Alajo ya zo, daga gidan Alhaji Jibirilu, uban ango, ta bakin wata mata da ta ƙi zama ta kuma ƙi shan ruwa. Mma ta tambaye ta dalili, ta ce ita 'yar aike ce. Da za ta fita ni ta kalla, ba Mma ba, ba amarya ba.

An ɗaura auren tun Lahadin waccan. Abin da ya rage kawai a kai ƙanwata ɗakinta ranar Asabar, da zarar fenti ya bushe. Akwatunan lefe na nan jere a falo, har mun saba kewaye su.

Zuhura ta ce wataƙila fentin ne bai bushe ba. Mma ta ce wataƙila. Fenti ba ya hana 'yar aike shan ruwa.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na ga abin. Fusena, ƙawata tun jami'ar Legon, ita ta turo min, ta ce gara in gani daga hannunta.

Hoton fuskar waya ne. Bango ruwan toka, jan da'ira da 18 a tsakiya, gargaɗi cewa abin da ke ciki na manya ne kawai. A baya akwai wata inuwa da aka dusashe, ana iya gane kafaɗa ce in mutum ya sa kansa. A ƙasa kuma, tsaf, babu dusashewa ko kaɗan: Zuhura Braimah, ranar lalle.

Shafina ne. Ni na rubuta sunan.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko don in ga yadda yake a takarda. Ni ke ɗaukar hoto a bukukuwan mata a unguwannin Nima da Mamobi, saboda ni mace ce, ana barina in shiga inda ba a barin maza. Ranar lalle na ɗauki na tsakar gida, na kuma ɗauki na cikin ɗaki: Zuhura da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ƙafafu a miƙe alwanka tana zana mata lalle har ƙauri, ƙawayenta suna rawa gashi a sake. 'Yan uwan Mma da ke Kumasi da Jamus suka dame ni sai sun gani. Tsofaffi ne, ba za su iya buɗe asusu da lambar sirri ba, adireshi ɗaya suke so su danna ya buɗe. Sai na ɗora a shafin da na saba ɗora aikina.

Shafin ba ya karɓar hoto sai ka faɗi matakinsa. Uku ne: na kowa, na tsaka-tsaki, na manya kawai. Akwai ma tambayar da suka sa don ta taimaka: za ki ji daɗi baƙon da ke zaune kusa da ke a mota ya ga wannan hoton? Na tuna torotoro, bas ɗin haya na tashar Circle, na tuna irin mazan da ke leƙa wayar mutum ta saman kafaɗa. Na amsa da gaskiya. Na zaɓi na uku. A raina labule na sa: mace ta ɗaga ta shiga, namiji mai kunya ya gani ya koma.

Kuma labulen ya yi aikinsa. Adireshin ya yi yawo daga guruf zuwa guruf har ya kai ga Sharfuddeen, ƙanin Alhaji da ke Amurka. Ya danna, ya ga gargaɗin, ya yi a'uziyya, ya koma. Bai shiga ba. Ya dai tsaya ya ɗauki hoton labulen ya aika gida.

Talata, da yamma

Na yi daidai. Tambaya aka yi min na amsa.

Laraba, 9 ga Oktoba, azahar

Ranar kasuwar Nima. Mma ta aike ni sayen kayan miya, ina jin don ta ga ko zan dawo da raina. Kowa ya gaishe ni. Ban taɓa sanin ina da masoya haka ba. Mai cukun wagashi ta tambayi amarya sau biyu, ta ƙara min gyara, abin da ba ta taɓa yi ba. Na yi digiri a kan halayyar al'umma, yau al'ummar na nuna min halinta kyauta.

Na dawo na tarar labari ya riga ni isowa. Mma ta ce in goge hotunan yanzu yanzu, a gabanta. Na ce in na goge, Alajo za su ce da ma akwai abin gogewa. Ta ce to in cire wannan jan abin kowa ya gani babu komai. Na ce in na cire, duk mai waya daga nan har unguwar Malam zai ga 'yarta ba ɗankwali da ɗaurin ƙirji. Ta ce to in kai wa Alhaji ya duba da idonsa. Ita da kanta ta ji abin da ta faɗa, ta ce astagfirullah, surukinta.

Ga mu nan. Mazan da ke zargi ba za su duba ba, don dubawa zunubi ne. Mu kuma ba za mu nuna musu ba, don nunawa abin kunya ne. Matan gidansu sun zo ranar lalle, amma a tsakar gida suka tsaya, kuma yanzu abin da suke faɗa ke nan: mun ga tsakar gida, ba mu ga ɗaki ba.

Zuhura tana zaune a kan akwatin lefe duk wannan maganar, tana kankare sauran lalle a farcenta. Ba ta kalle ni ba. Ba ta kuma ƙi kallona ba. Da ta zage ni da ya fi min.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Na share ɗaki sau biyu. Na wanke abin da ba shi da datti. Na buɗe shafin, na rufe, na buɗe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau ce ranar tarewar, da.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na je Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Akwai namiji ɗaya a duniya da ya halatta ya ga hotunan nan, kuma yana sayar da fitilun mota da madubai a wani lungu bayan masu injin. Abdulmajeed, ango.

Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a sayo min lemo, yana ta Yaya Zalia, Yaya Zalia. Ya rame. Na so in ji tausayinsa, sai na tuna dalilin zuwana. Na ajiye masa wayata a kan tebur tsakanin fitilu, na ce matarsa ce, an shafa fatiha, ya duba.

Ya sa hannuwansa a baya kamar yaro a gaban wuta.

"Yaya, ni na yarda da ita. Ba sai na gani ba."

"To ka faɗa wa Alhaji haka."

"Na faɗa. Ya ce na gani ne? Na ce a'a. Ya ce to da me na yarda."

"Sai ka gani, ka je ka ce ka gani."

"In na duba, kamar na zarge ta ke nan."

Na ce wannan magana ce mai kyau paa, ya kamata a rubuta ta a bayan torotoro. Bai yi dariya ba. Ya ce min Alhaji bai ce a sake ta ba, ya dai ce ba za a kawo masa yarinyar da sunanta ke ƙarƙashin wannan alamar ba sai an san abin da ke ciki, kuma Kawu Sharfuddeen na kira kullum yana tambaya an yi ko ba a yi ba. Na ce an yi me. Ya ɗauki wata fitila yana gogewa.

A hanyar dawowa na gane abin da ya hana shi. Ba kunya ba ce. Tsoro yake ji kada ya buɗe ya tarar da gaske ne. Wannan ba zan faɗa a gida ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na rubuta wa masu shafin. Na yi musu bayani da Turancin Legon, na ce ina son su tabbatar a rubuce cewa babu tsiraici a hotunan, in buga in kai Alajo. Alhaji na girmama takarda mai tambari.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Akwai wurin da shafin ke nuna yawan waɗanda suka shiga. Ban saba dubawa ba. Dangin Mma duka, har da waɗanda ba ma shiri da su, ba su kai wannan yawan ba.

Akwai kuma wurin sharhi a ƙasa.

Ba zan kwafe su a nan ba.

Laraba, bayan magariba

Ashe akwai masu bin alamar nan musamman. Ban yi tunaninsu ba. Na yi tunanin mai kunya zai koma, ban yi tunanin wanda labule ne ke kiransa ba. Ɗaya ya yi ƙorafi wai an yaudare shi, babu komai a ciki. Ga shaidar da nake nema, daga bakin wanda ba zan iya kaiwa Alajo ba.

Na goge sharhin duka. Na ci tuwo. Mma ta ce na cika gishiri a miyar, na ce e.

Na yi daidai. Tambayar da suka yi ita na amsa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Masu shafin sun amsa. Da ladabi sosai, har da fatan ina cikin ƙoshin lafiya. Sun duba hotunan, sun ce kyawawa ne, sun ce babu abin da ya kai na manya a ciki, ko na tsaka-tsaki bai kai ba. Na tsananta, in ji su, kuma tsanantawa kuskure ne kamar sassautawa, don yana ɓata ma'aunin ga kowa. Saboda haka sun taimake ni sun gyara. Sun mayar da kundin hotunan na kowa.

Saƙon ya shigo tun ina wanka. Ban san tsawon lokacin da ƙanwata ta yi a buɗe a bakin titi ba. Na kulle kundin gaba ɗaya da zani a ƙirjina, ruwa na ɗiga a kan kwamfutar. Yanzu ba mai iya shiga sai ni.

Wani a can, ban san ƙasarsa ba, ya kalli kafaɗar Zuhura ya ga kafaɗa kawai. Ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ma'auninsa ya auna. Shi ma tambayar da aka yi masa ya amsa.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Alajo sun gwada adireshin, ya ce babu. Fusena ta ce maganar yanzu ita ce na goge shaida.

Wato akwai mai gwadawa kullum, yana zuwa bakin labulen yana komawa. Ina so in san ko waye. Ba na so in sani.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Babbar gota ta cika tana tafe da robobi. Na tsaya a baranda ina kallo kamar ana biyana.

Litinin, 21 ga Oktoba, la'asar

Mma ta daina zuwa gaisuwar suna da ta mutuwa. Ta ce ƙafarta. Alwanka ta zo da kanta, ta ce ita za ta rantse da Alƙur'ani a gaban kowa, ta wanke amare tun kafin a haifi Abdulmajeed. An gaya mata daga Alajo cewa ba a zarginta, amma ita ba ta san waya ba, ba ta san abin da ake iya haɗawa a ciki ba. Ta tafi tana faɗa har bakin titi.

Na yi tafiya har Kawukudi na dawo ba tare da na sayi komai ba. Na sake fita.

Zuhura tana kwance da waya a ƙirji. Ango yana kiranta, tana ɗauka, suna gaisawa kamar maƙwabta. Na ji tana cewa lafiya lau, Mma ma lafiya, to, yoo. Shi ke nan.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Muna shan koko Zuhura ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba, ranar da na je Abossey Okai ya buɗe? Ban san ta san na je ba. Na fara kewaye-kewaye, na ce ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari.

"Yaya, ya buɗe?"

"Bai buɗe ba."

Ta gutsiri ƙosai ta ajiye. Ta ce ita ta buɗe, tun ranar Talatar farko, kuma kullum tana buɗewa har ranar da na kulle. Ta karanta abin da ke ƙasa kafin in goge. Duka. Har ta faɗa min wanda na manta.

"Baƙi sun ga abin da suka gani. Mijina ne kaɗai bai gani ba."

Na buɗe baki. Akwai kalma guda da ta kamata, gajeriya, kowa ya san ta. Abin da ya fito shi ne bayanin matakan nan uku da tambayar mota. Ta saurare ni har na gama, ta ce kokona ya huce.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ban fita ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Hajiya Ayishetu ta zo ba sanarwa. Yayar Alhaji ce, ita ta goya shi, ita kaɗai ce yake miƙewa in ta shigo. Tana Kumasi wajen jinyar 'yarta duk wannan lokacin, jiya ta dawo ta tarar da gida a hargitse. Ta zauna a kujerar Mma, ta sha ruwa, ta ce a kawo mata abin.

Na kawo kwamfutar. Ta sa tabarau a kan hanci, ta ce in zauna kusa in riƙa turawa, kada in tsallake ko ɗaya, tana da ido.

Ba ta yi sauri ba. Ta ce lallen ƙafar hagu ya fi na dama kamawa. Ta ce fankar ɗakinmu na son shara. Ta tsaya a kan wata ƙawar Zuhura mai wushirya ta tambayi 'yar waye, da wa take, don tana da jika a Malam da ya ƙi aure. A hoton da Zuhura ta jefa kai baya tana dariya, gashi ya zubo, ta daɗe ba ta ce tura ba. Mma tana tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

Da muka kai ƙarshe ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ta ce in rantse, na rantse. Ta cire tabarau.

"Wannan ne ƙato da gemu ya kasa dubawa ya tayar da gari?"

Ta ce ita ma an yi mata haka ranar nata lallen, har ya fi haka, bambancin kawai ba a kira mai hoto ba. Sai ta juyo kaina. Ta tambayi ma'anar jan abin, na yi mata bayani, karo na nawa ban sani ba, na kowa, na tsaka-tsaki, na manya. Kuma saboda bakina ba ya hutawa, na ce Hajiya, ke da wanne za ki zaɓa?

Ta dube ni kamar na tambaye ta wace kasuwa ake sayar da uwa.

"Wannan na ɗaki ne, 'yata. Ba su da na ɗaki?"

Na ce akwai kullewa, amma tsofaffi ba za su iya buɗewa ba. Ta ce to da tsofaffin sun haƙura, ba wanda ya taɓa mutuwa don bai ga hoto ba.

Ta kira Zuhura, ta riƙe hannunta, ta ce Asabar za a zo a ɗauke ta, Jibirilu kuma nata ne, ta san inda za ta kama shi. Zuhura ta durƙusa ta yi godiya da muryar da ake karanta sanarwa.

Alhamis, bayan magariba

Mma ta yi sujada a falo tsakanin akwatuna. Ni ya kamata in ji sauƙi. Na sake share ɗaki.

Juma'a, 25 ga Oktoba, la'asar

Ango ya zo, da sabon aski da leda cike da kayan sanyi. Ya zauna a falo yana murmushi kamar wanda aka sallama daga asibiti. Ya ce da ma shi ya sani, ya faɗa tun farko.

Zuhura ta shigo ɗaki ta ɗauki kwamfutata ba ta tambaye ni ba. Ta ajiye masa a cinya, ta ce ya duba. Ya ce ai Gwaggo ta gama magana, ba buƙata. Ta ce ba don Gwaggo ba. Ta tsaya a kansa har ya kai ƙarshe. Ina jin ƙarar maɓallin daga ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, kuma a hankali take tafiya.

Ban ji abin da ya ce ba. Na ji nata.

"Yanzu ka yarda, ko yanzu ka gani?"

Mma ta fara tari a kicin. Da ya fita idonsa ja ne, ya manta bai yi min sallama ba. Na tambaye ta gobe tana nan? Ta ce an ɗaura, Yaya, kuma ina son sa, wannan ma wani abu ne da ba a tambaye ni matakinsa ba.

Ta sa na goge kundin daga shafin a gabanta. Na ce in tura mata nata kwafin? Ta ce in ajiye, wata rana.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Gida ya cika. Matan da ƙafarsu ta manta hanyar gidanmu duk sun tuna. Alwanka ta dawo tana ba da umarni kamar ba ita ta fita tana faɗa ba. An fitar da akwatunan, falo ya yi girma, akwai shacinsu a kan leda.

Na yi cajin batir biyu tun jiya. Na goge gilashin kamara. Na riga na tsara inda zan tsaya a Alajo in kama ta tana shiga, haske daga hagu yake zuwa a gidan nan da yamma.

Asabar, bayan la'asar

Motoci sun iso. Ina ɗaure ɗankwali Zuhura ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gado an lulluɓe ta, ƙawaye suka ba mu wuri. Ta ɗaga mayafin kaɗan. Ta yi kyau ƙwarai, na ji hannuna ya kai kan jakar kamara da kansa.

Na durƙusa a gabanta na faɗi kalmar. Ba bayani, ba matakai. Ta ce ta yafe tun tuni, kada in sa ta kuka kwalliya ta lalace. Ta ce in shiga motarta, ni za ta riƙe wa hannu har ɗaki, ba wata ba.

Sai ta sa yatsa a kan igiyar da ke kafaɗata.

"Amma wannan ki bar ta a gida, Yaya."

Na ajiye ta a kan gado. Ana ta kirana a waje.